Ƙahonin Kadhuda

Darabid, bayan girbin alkama

Zuwa ga Gudarz ɗan Nurali, a Isfahan.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mahaifiyarka da gwiwar nan tata da ta ƙi jin magani. Mu nan sai godiya. An shigar da alkama, awaki sun yi ƙiba, ni kaɗai ce na rame, wannan kuwa ba sabon labari ba ne tun rasuwar mijina Barzu.

In ba ka gane rubutun ba, ni ce Mahtala, 'yar ƙanen kakanka, wadda ta ɗaure maka ƙafa ranar da jaki ya yar da kai a bakin rafi kana ihu duk kwarin na ji. An ce mini yanzu kana aiki a kantin kayan farauta, har da ɗaura ƙyalle a wuya irin na masu ofis. Allah ya sa albarka. Ƙyallen bai dame ni ba, kantin nake so.

In ƙanƙara ta rufe hanyar sama, Barzu zai cika shekara a ƙasa. Masassaƙi ya kusa gama zakin dutsen da za a kafa a kabarinsa. Saura ƙaho. Ka san ba a barin kabarin maharbi babu ƙahon bunsurun dutse a kai, Barzu kuwa da bakinsa ya zaɓi nasa. Akwai wani tsohon bunsuru da yake kallo tun bunsurun yana ɗan ƙarami yana bin bayan uwarsa. Ya sa masa suna Kadhuda, wato mai gari, don yadda yake hakimcewa a kan dutse yana kallon kowa, sak mai garinmu ranar rabon ruwa. Sau nawa ya auna shi ya sauke bindiga, ya ce a bar shi ya cika dutsen da 'ya'ya tukuna. Yana kwance ciwon ajali ya ce mini, "Mahtala, ni da Kadhuda tare muka tsufa. In na riga shi, ki kawo mini shi. Amma harbi ɗaya. Kada ya san abin da ya same shi."

Ni zan harba. Kada ka yi dariya, ka tambayi mahaifiyarka wa ya ciyar da bikinta da naman dawa. Izinin farauta na bana ma yana hannuna.

Matsalar harsashi ce. Abin da ya rage a jakar Barzu duk na soja ne, mai sulke har hanci. Shi yakan goge musu hanci da magagari sai dalma ta leƙo. Ƙanensa Hudakaram ya kwaikwaye shi, sulken ya maƙale a cikin bututun bindiga, harbi na biyu bindigar ta tarwatse a hannunsa. Yanzu da yatsa uku yake riƙe kofin shayi, amma bakinsa bai ragu da komai ba. Jiya ya zo ya tarar ina shafa wa bindigar Barzu mai, ya tsaya yana haɗiyar miyau.

"Kai, matar yaya, wannan ba ta da ta biyu a duk tsaunukan Zagros."

Na ce, "Fishkesh, taka ce," yadda ake ce wa duk wanda ya yabi abinka, shi kuma ladabi ya sa ya mayar.

Ya ce, "Allah ya bar ta a hannun mai ita." Sai da na maimaita, ya maimaita, idonsa kuwa kamar zai faɗo a kanta. Da zai fita ya ce, "Wata rana sai na ce na karɓa, in ga yadda za ki yi." Na ce ranar sai in san Barzu ba shi da ƙane.

To ka ji. Ka zaɓo mini harsashin da zai kwantar da tsohon bunsuru a inda yake tsaye. Bindigar ka san ta, doguwar nan ce mai cin biyar. Ka aiko ta hannun direban babbar motar da ke kawo mana sukari.

Taka,
Mahtala

Isfahan, farkon kaka

Zuwa ga Bibi Mahtala, abar girmamawa.

Ina sumbatar hannunki. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa Mama har ta yi ƙwalla, ta ce in gaya miki gwiwar tana nan, bikin ma ba ta manta ba. Ni lafiya lau. Allah ya jiƙan Baba Barzu, ya sa ya huta. Kunya ta hana ni rubuto miki tun da ban samu zuwa makoki ba.

Bibi, kin zo inda ya dace. Kada ki kuskura ki taɓa magagari. Harsashin soja an yi shi ne don ya wuce, yana ratsa dabba kamar allura a ƙyalle, ta yi ta gudu da shi yini guda kafin ta faɗi inda ba mai ganinta. Akwai kuma wani da masu kuɗi ke rububi yanzu, ƙarami, mara nauyi, mai gudun tsiya. A kan barewa ba shi da laifi. Amma in ya gamu da ƙashin kafaɗar babban bunsuru, ko iska ta ɗan kaɗa shi ya sauka a ciki, fashewa yake yi ya zama gari, ya yi rauni mai muni bai kashe ba. Wannan ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Naki shi ne mai nauyi, mai taushin hanci, wanda ke buɗewa a hankali in ya shiga, ya karya ƙashi, ya isa zuciya bai watse ba.

Sai dai shi ma kashi-kashi ne, kuma ba a zaɓar harsashi sai an san wuri. Don haka ki gaya mini. Nisan nawa ne tsakaninki da shi? Sama za ki harba ko ƙasa? Wane lokaci yake fitowa, kuma ta ina iska ke zuwa a lokacin? Mene ne a bayansa, dutse ko rami? Ta ina ake hawa, don in san ko za ki iso kina haki ko kin huta? Ki faɗa mini duka kamar ina tsaye kusa da ke, kada ki ce wannan ƙarami ne.

Wallahi tun da na karanta labarin Kadhuda ban daina tunaninsa ba. Bangon kantinmu cike yake da ƙahoni, amma yadda kika kwatanta shi babu wanda zai kama ƙafarsa. Wanda yake da irin wannan a dutsensa ya fi mai gonar rumman.

Ga albishir kuma. Akwai wata yarinya, Shahla, 'yar Muhandis Farhudi, babban mai gina hanyoyi da ke sayen kaya a wurinmu. Ita ta yarda. Shi ne har yanzu yake duba ni daga sama zuwa ƙasa, yana tambaya su wane ne mutanena, me muke da shi a can. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Gudarz

Darabid, lokacin tsinkar rumman

Ɗan Nurali,

Sallama. Mun gode Allah da kuna lafiya. Ni ma da sauƙi, sai ɗan tari da ke zuwa da sanyin safe. Na aiko wa mahaifiyarka zuma da busasshen nono, ta shafa zumar a gurasa, ba a gwiwa ba. Batun yarinya kuwa na ji daɗi har na yi guɗa ni kaɗai, awaki suka watse. In ubanta ya sake tambayar su wane ne mutanenka, ka ce masa waɗanda ba su taɓa tambayar baƙo su wane ne nasa ba kafin su ba shi abinci.

Ashe dai ba ƙyallen wuya kaɗai ka koya ba. Bayaninka ya shige ni. Barzu ma haka yakan ce, maharbin kirki ba harbi ya iya ba, kashewa ba wahalarwa ya iya.

Tambayoyinka sun ba ni tsoro da farko, don wurin nan ko Hudakaram bai san shi ba. Ya sha bin mu a ɓoye, Barzu ya yi ta zagaya da shi har takalminsa ya yage. Amma kai likita ne a nan, ba a ɓoye wa likita ciwo.

Daga idon ruwan da ke sama da tsoffin kaburbura ake bin hagu, ba hanyar makiyaya ba. Za ka wuce tsagar da ƙudan zuma ke ciki. Sama da ita akwai wani dutse mai kama da raƙumi a durƙushe. A bayan tozonsa ake kwanciya, kuma tun kafin gari ya waye, don a lokacin iska daga sama take gangarowa, ba ta kai masa warin mutum. Da rana ta ɗaga sai ta juya, shi ke nan an yi asara. Tsallaken kwarin akwai wani dandamali da bishiyar almon daji guda ɗaya tak. Da hasken rana ya taɓa kanta yake fitowa ya tsaya. Nisan kuwa, in mutum ya yi kira daga can za ka ji murya amma ba za ka gane kalma ba. Harbin ɗan sama-sama ne.

Abin da ke bayansa shi ne damuwata. In ya faɗi a inda yake, ƙasa ce mai laushi, ƙahonsa ba zai ko goge ba. Amma in ya samu tsalle biyu, ya shige wata tsaga mai zurfi da ko kare ba ya bi. Ka ga dalilin harbi ɗaya.

Ka yabi Kadhuda har kunya ta kama ni. To me zan ce? Fishkesh, ɗana, naka ne.

Ka hanzarta. Bunsuran sun fara saukowa neman mata, masassaƙi kuma ya fara yi wa zakin haƙora.

Taka,
Mahtala

Isfahan, tsakiyar kaka

Bibi,

Ina sumbatar hannunki. Muna lafiya, zumar ta iso, Mama ta ɓoye ta ko ɗanɗano ba ta ba ni ba.

Na gane wurin kamar na taɓa zuwa. Na san ainihin harsashin da ya dace, sai dai wanda ya yi daidai da bindigarki ya ƙare, muna jiran kaya daga Tehran. Kada ki hau sai ya iso, ina roƙonki. Tambaya ɗaya ta rage. Sabuwar hanyar nan da aka fasa ta bayan dutsen, mota tana kaiwa kusa da idon ruwan ta can? Ina tambaya ne don ko za ki huta da hawa.

Karamcinki ba ni da bakin gode masa. Ina sauri, kanti ya cika.

Ɗanki,
Gudarz

Darabid, ganye ya gama zuba

Ɗan Nurali,

Sallama. Ina fata shirun nan naka ba ciwo ba ne. Na amsa maka tun tuni cewa hanyar tana kaiwa, amma ni ba na hawa motar kowa zuwa wurin Barzu. Tun daga nan ban ji daga gare ka ba.

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa. Duk zuwansa ina tsaye bakin hanya kamar mai jiran ango. Jiya ya ce, "Bibi, wallahi in da harsashi a motar nan da na ji a jikina. Sukari ne da kananzir." Hudakaram yana gefe yana dariya, wai in kawo na sojan ya goge mini, tun da shi ya riga ya biya kuɗin koyo. Na ce ya bar sauran yatsun ya ci abinci da su.

Na hau sau ɗaya ba bindiga, don in gan shi kawai. Yana nan. Gemunsa ya yi fari, ya rage jiki, ina jin wannan ne sanyinsa na ƙarshe ko na harba ko ban harba ba. Ya tsaya gindin bishiyar yana kallon kwari, ni ina bayan raƙumin ina kuka kamar sakarya.

Af, na ga ba ka mayar mini da fishkesh ɗina ba. Birni ya cinye maka ladabi ke nan? Da ubanka na da rai da ya murɗe maka kunne. Na yafe, saurin kanti ne.

Kan tsaunin ya yi fari. Don Allah ka aiko, ko da guda biyu ne a ƙulle a ƙyalle.

Taka,
Mahtala

Darabid, bayan ƙanƙarar fari

Gudarz,

Sallama. Ina da rai. Ka yi haƙuri da rubutun.

Shekaranjiya da hantsi ina tatsar akuya na ji harbi daga sama. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, a jere a jere kamar ana biki. Kuma da hantsi, bayan iska ta juya. Kwanon ya faɗi daga hannuna ban ko waiwaye shi ba.

Da na isa bayan raƙumin na tarar an tattake wurin. Ga ɓawon lemo, ga guntun sigari mai zoben zinariya, ga kwanson harsashi a warwatse. Na tsince su. Dogaye ne masu siririn wuya, na wannan ƙaramin mai gudu da ka ce ko kyauta kada in karɓa. Na tsallaka zuwa gindin bishiyar. Akwai jini, amma ba jan nan mai kumfa na huhu ba. Baƙi-baƙi ne, haɗe da ciyawar da ya ci. Ka san ma'anar wannan, kai ka koya mini rabinsa. A ciki aka same shi. Ya yi tsallensa biyu, ya shige tsagar.

Wani makiyayi ya ce ya ga ƙaramar mota a ƙarshen sabuwar hanya, da mutum biyu. Ɗaya mai tumbi yana zage-zage, ɗaya saurayi yana ɗauke masa bindiga. Ya ce saurayin ya gaishe shi da harshenmu.

Gudarz, mutum biyu ne a duniya suka san bayan raƙumin nan. Ɗaya yana kabari. Ni kuma sau ɗaya na taɓa faɗa, a takarda, ga ɗan Nurali.

Tun jiya nake nema maka mafita. Na ce ko an sace wasiƙar a kanti. Na ce ko ka karanta da ƙarfi wani ya ji. Na ce samarin da ke jin harshenmu ai suna da yawa. Ka rubuto ka ce ɗaya daga ciki ne, wallahi zan yarda, ko ba gaskiya ba ne zan yi ƙoƙari.

Ƙanƙara ta rufe sawun. Yana can ciki da rai, na ji shi yana numfashi ban gan shi ba. Gobe zan koma da igiya da Hudakaram, tun da yanzu ba sauran abin ɓoyewa.

Mahtala

Isfahan, farkon sanyi

Bibi Mahtala, abar girmamawa,

Ina sumbatar hannunki, in kin bari. Mama na gaishe ki, ba ta san komai ba. Ni ban da lafiya sosai, barci ya ƙaurace mini tun da wasiƙarki ta zo.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Ni ne. Amma Bibi, kin rubuta mini kamar wanda ya yi sata, alhali ga wasiƙarki a gabana, da hannunki: "Fishkesh, ɗana, naka ne." Ban ƙara ko ɗigo ba. Na san yadda ake faɗarta a gida. Amma a baki ake faɗa, a kan kofi ko zobe. Ke kuwa a takarda kika sa, bayan kin gama kwatanta mini hanya ƙafa da ƙafa. Na ɗauka da gaske kike, kin ji halin da nake ciki kin tausaya mini.

Ki tsaya a inda nake tsaye. Muhandis ya ce mini a gaban mutane, "Ku mutanen dutse ban da awaki da tatsuniya me kuke da shi?" Jinina ya hau. Na ce muna da abin da kuɗinsa ba zai saya ba. Ya ce in nuna. Na nuna masa layin nan, ya karanta da kansa. Daga nan ta ina zan ja da baya?

Batun harsashi kuwa, na sani. Na sani tun muna mota. Bindigarsa daga Turai ya zo da ita, wannan ƙaramin kaɗai yake sa mata, yana alfahari da gudunsa. Ta yaya zan dubi mutumin da nake neman 'yarsa in ce harsashinsa bai dace ba? Kuma bai tashi da wuri ba, sai da aka dafa masa shayi. Na so in ce a bari sai gobe, bakina ya yi nauyi. Da abin ya faru ya fusata, ya ce mu tafi, shi ya sa ban biyo na gaishe ki ba. Niyyata tun farko in kawo miki naman gaba ɗaya.

Ban manta da Baba Barzu ba. Akwai wasu ƙahoni masu kyau a bangon kanti, mai kantin ya yarda in ɗauka. In an kafa su a kabari wa zai bambance? Ki ce in aiko, gobe su kama hanya.

Ga kwalin harsashinki nan tare da wannan wasiƙa, mai nauyi mai taushin hanci, irin wanda na faɗa. Ya jima da isowa, na ce bari mu dawo tukuna.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma da kunya nake roƙonsa. In kun same shi, ki aiko da ƙahonin. Muhandis na cewa na kai shi ya harbi iska, har ya fara cewa ko bunsurun ma ɗan akuya ne. In ya gan su komai zai daidaita, a yi baiko kafin Nuruz, bikin sabuwar shekara. Ke ce za ki zauna a gaba ranar bikin.

Da da bindigar Baba Barzu aka yi harbin nan da ba haka ba. Wannan bindiga ba ta da ta biyu a duk Zagros, kullum ina faɗa. Na ba Muhandis labarinta, ya ce yana so wata rana ya gan ta.

Ki yafe mini in na yi kuskuren fahimta.

Ɗanki har kullum,
Gudarz

Darabid, tsakiyar sanyi

Zuwa ga Gudarz Nurali, kantin kayan farauta, Isfahan.

Sallama. Ina fata mahaifiyarka na lafiya. Ni tarin ya sauka ƙirji, amma ina tashi.

Mun same shi. Hudakaram ya riƙe igiya da yatsunsa da haƙoransa, na sauka har inda ta ƙare. Yana kan wani ɗan tudu a ƙasa da ni, inda hannu ba ya kaiwa, balle wuƙa. Ya kwana uku a haka. Cikinsa ya kumbura, ya jingina ƙahonsa da dutse don wuyansa ya kasa ɗauka. Da ya ji motsina ya ɗago ya dube ni. Barzu ya ce kada ya san abin da ya same shi. To ya sani, Gudarz. Ya daɗe yana sani.

Ba ni da komai sai na soja, don naka yana kan kanta a Isfahan yana jiran ku dawo. Na yi bisimilla na harba. Ya wuce kamar allura a ƙyalle, yadda ka faɗa. Sai da na sake. Duk abin da ka rubuta mini a kan harsashi gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya, na gani da idona iri biyu a jikin dabba ɗaya. Ka iya aikinka.

Naman ya lalace, mun bar wa ungulu. Ka ga ba sai ka wahala da kawo mini ba.

Yanzu batun kalma. Ka ce a takarda na sa. Kai ma a takarda ka ce kana sumbatar hannuna, ban ga ka zo ka sumbata ba. Ka tambaye ni hanyar mota kafin ka ce komai, ka riƙe harsashina don kada in riga ku hawa. Wanda ya yi kuskuren fahimta ba ya shiri haka. Ka san kara sarai, tun da ka yi wa Muhandis ita har ka bar shi ya fasa cikin dabba don kada ransa ya ɓaci. Tawa ce kawai ka karanta da idon baƙo. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba dutsen ka saya da kalmar nan ba, ni ka sayar da ita.

Direba zai ba ka buhu. Ƙahonin ne a ciki, na wanke su, ko gogewa ba su yi ba. Da Hudakaram ya ga ina ɗaurewa ya kusa tashi sama.

"Matar yaya, kin haukace? Ki ba shi?"

Na ce, "Na rubuta naka ne."

"Kowa na faɗa! Ni sau nawa kika ce mini haka?"

Na ce, "Kai ɗan gida ne. Shi ya karɓa."

Ya zauna ya rufe fuska da hannun nan nasa.

Ba don in faranta maka na aiko ba. Ko ka bar mini su ba zan ɗora wa Barzu ba. Mutumin da bai taɓa barin dabba ta kwana da rauni ba, ba zan sa ya kwanta ƙarƙashin wannan ba har tashin ƙiyama. Na bangon kantinku kuma ku bar su a bango. Ka ce wa zai bambance. Ni.

An kafa zakin ranar Alhamis. Mutane sun zo daga ƙauyuka har da na tsallaken kogi, an dafa shinkafa, an yi addu'a. Wata tsohuwa ta zagaya kabarin tana lalube, ta ce, "Mahtala, ina ƙahon? Ba maharbi ba ne mijin naki?" Na ce maharbi ne. Sunan Nurali bai fito daga bakina ba, don shi bai yi mini komai ba.

A cikin buhun akwai ɗan ƙulli. Gutsattsarin harsashin Muhandis ne da na tsinto daga cikin Kadhuda. In ya rataye ƙahonin ya ajiye wannan kusa, ko wani baƙo zai tambayi yadda aka yi. Kwalinka ma yana ciki, ban buɗe ba. Ba ni da sauran abin harbi a dutsen nan.

Allah ya sanya alheri a auren, yarinyar ba ta da laifi. Kujerar gaba ka ba wani.

Ka yabi bindigar Barzu.

Na gode.

Mahtala